Rejim ɗin barin tuwo a ƙasar gero: me ya kawo shi Adar, me yake bari a jiki

Shekaru kaɗan da suka wuce, in ka ce wa mutumin Adar akwai wanda zai ga tuwo a gabansa, da lafiyarsa da kuɗinsa, ya kau da kai da gangan, sai ya ɗauka ba'a kake yi. Yau ana samun irin waɗannan mutane a Tawa da Madawa da Buza da Keita, har da garuruwan karkara irin su Ibohamane. Ba su da yawa, amma ana jin ɗuriyarsu, domin galibinsu mutane ne da ido ke kansu: ƴan kasuwa, malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati, matan alhazai, da ƴan biɗa da suka dawo daga Abijan ko Legas ko Libiya da ɗan abin hannu. Abin da suke yi suna ce masa rejim. Ƙa'idarsa ita ce a bar tuwo da fura da shinkafa da taliya da burodi da garin rogo da dankali da sukari, a koma ga nama da ƙwai da kifi da mai da ganye. Wasu sun san sunansa na Turai, wato kito. Wasu ba ruwansu da suna, sun dai ji a saƙon murya na WhatsApp cewa sitaci ne ke kawo teɓa da ciwon sukari, kuma duk wanda ya ƙaurace masa wata guda sai wandonsa ya yi masa yawa.

Damuwar da ke tura mutane ga wannan hanya ta gaskiya ce, kuma bai kamata a raina ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutanen da ke fama da ƙiba mai yawa sun haura biliyan ɗaya, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma adadin zai iya kai miliyan 55 nan da 2045. A Nijar, binciken da aka gudanar a 2007 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya samu ciwon sukari a jikin kusan kashi 4 cikin 100 na manya, hawan jini kuma a jikin kusan mutum ɗaya cikin biyar. Amma mutumin Ibohamane ba da alƙaluma ya san wannan ba. Ya san shi ne da maƙwabcin da aka yanke wa ƙafa, da alhajin da ya kwanta lafiya ya tashi da shanyewar ɓarin jiki, da hajiyar da gwiwa ta hana ta sallah a tsaye tun ba ta kai hamsin ba.

Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: me ya sauya? Gero dai bai sauya ba. Shi kakanninmu suka ci safe da rana da dare, kuma teɓa ba ta dame su ba. A 1984 aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, da tallafin Italiya da hukumar FAO da Hukumar Abinci ta Duniya. Duk wanda ya ga lokacin yana tuna layin mata a kan tuddai, duwatsu a ka, suna jera su don tare zaizayar ruwa, suna haƙa ramukan dashen itatuwa, ana biyansu da abinci domin mazan sun tafi biɗa. Waɗannan mata fura suke sha su fita, tuwo suke ci su kwanta. Jikin da ke dakan gero da jan ruwa a rijiya mai zurfi da tafiyar ƙasa zuwa gona yana ƙone duk abin da aka zuba masa. Har yau mafi yawan mutanen karkarar Keita da Buza haka rayuwarsu take, kuma matsalarsu rashin ƙoshi ce.

Rayuwar wani ɓangare na al'umma ce ta sauya. Babur ya maye gurbin ƙafa, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, zaman shago daga hantsi har isha'i ya zama sana'a. Kuɗin da ƴan biɗa ke aikowa, wanda shi ne ƙashin bayan gidaje da yawa a jihar Tawa, ya shigo da sabon ci: buhun shinkafar waje da aka goge tas, katan ɗin taliya, jarkar mai, burodi da shayi mai madarar gwangwani da safe, lemun kwalba in an yi baƙo. Ga kuma shayin majalisa, na ɗaya da na biyu da na uku, kowane da nasa sukarin, wani lokaci zama biyu ko uku a yini. Ita kanta furar yanzu sai an zuba mata sukari kafin a ce ta yi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in so samu ne ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25, ƙananan cokula shida. Lemu guda na santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35. Ɗan kasuwar da ya sha shayi zama biyu ya ɗora lemu ɗaya ya wuce ƙa'idar sau biyu ko uku tun bai taɓa tuwon dare ba. Duk da haka, in ya tashi neman mai laifi, tuwon yake fara nunawa da yatsa, domin shi ne ya fi cika ido a kwano.

Akwai kuma sauyin yadda ake kallon jiki, kuma a nan mata ne suka fi shan wahala. Tun fil azal ƙiba a wurinmu shaida ce ta hutu da wadata. Amarya in ta yi wata uku ba ta murje ba, dangi su fara tambayar ko lafiya. Wannan ne ya buɗe kasuwar ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, waɗanda ake sayarwa a tire da kan teburi, wasunsu magungunan kumburi ne masu ƙarfi da kan jawo hawan jini da ciwon sukari in an daɗe ana sha. Sai ga wayar hannu ta zo da wani ma'aunin kyau na daban, na shafaffen ciki. Na san matan da suka sha ƙwayar ƙiba kafin aure, bayan haihuwa uku kuma suka shiga rejim. Jiki ɗaya ake ja nan a ja can cikin shekara goma, kuma babu lokacin da aka tambayi lafiyarsa.

Dalili na uku shi ne giɓin da ke tsakanin majinyaci da bayani. Mutum ya taso daga ƙauye ya je Galmi ko Tawa ko Ƙwanni, a auna shi a ce sukarinsa ya hau. Lokotoro yana da layin mutane a ƙofa, abin da zai iya faɗa cikin minti biyar shi ne a rage tuwo, a bar sukari, a sha magani, a dawo bayan wata uku. Masanin abinci da zai zauna da mutum ya auna masa malmala da ludayi ba a cika samunsa a wajen manyan birane ba. Mutum ya dawo gida da tsoro da tambayoyi, wanda zai amsa masa su da dare kuwa ita ce waya. Ita kuma waya ba ta san shekarunsa ba, ba ta san maganin da yake sha ba, ba ta san abin da ke cikin rumbunsa ba.

Wannan tsari na cin abinci tsoho ne a ƙasashen da ya fito. A 1863 wani mutumin Landan mai sana'ar shirya jana'iza, William Banting, ya wallafa ɗan littafi kan yadda ya rage ƙiba ta hanyar barin burodi da sukari da dankali da giya. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara kito a matsayin magani ga yara masu farfaɗiya, kuma har yau ana amfani da shi a wannan fanni ƙarƙashin kulawar likitoci. A 1972 Dakta Robert Atkins ya mayar da shi abin yayi ga masu son rage nauyi. A Afirka ta Kudu, Farfesa Tim Noakes ya sake tayar da shi a 2013, har aka gurfanar da shi gaban hukumar kula da aikin likitoci saboda shawarar da ya ba wata mai shayarwa a Twitter kan abincin yaye. An wanke shi a 2017, aka sake tabbatar da hukuncin a 2018. Abin lura a duk wannan tarihi shi ne, an gina tsarin ne a inda nama da ƙwai da man shanu da cuku suke cike da kanti, firji yana aiki dare da rana, kowa kuma da farantinsa.

Adalci ne a faɗi cewa tsarin yana aiki, musamman a farko, kuma akwai dalili. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kimanin giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan ninki uku. In aka daina cin sitaci, wannan ajiya ce ke fara ƙarewa, ruwan ya fita ta fitsari tare da gishiri. Shi ya sa a makon farko sikeli kan nuna kilo biyu ko uku sun tafi, mai rejim ya yi murna, alhali yawancinsu ruwa ne. Bayan haka hanta ta koma narka kitse tana samar da wani makamashi da ake kira kiton. Nama da ƙwai suna daɗewa a ciki, kwaɗayi ya ragu, mutum ya ci ƙasa da yadda ya saba ba tare da ya ƙirga ba. Daga nan ne raguwar gaske take farawa. Ga mai ciwon sukari nau'i na biyu kuwa, rage sitaci yana sauke sukarin jini nan da nan. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta amince da haka a rahotonta na 2019, tare da gargaɗin cewa bai dace da mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda ba.

In aka ja lokaci kuwa, fifikon yakan dushe. A 2018 masu bincike a jami'ar Stanford, ƙarƙashin Christopher Gardner, sun raba mutum 609 gida biyu na tsawon shekara guda: wasu suka rage sitaci, wasu suka rage mai, duka aka ce su bar sukari da gogaggen gari su yawaita ganye. A ƙarshe masu rage sitaci sun sauke kilo 6 a matsakaici, masu rage mai kilo 5.3, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. Abin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai, wato barin zaƙi da abincin kanti, shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin shi ne ɓangaren da mutumin Buza zai iya yi ba tare da ya sayar da akuya ba.

Na ga yadda abin yake a kusa a jikin wani kawuna, ɗan kasuwar albasa da ke kai kaya kudu. Ya haura hamsin, tumbi ya fito, numfashi ya fara yi masa nauyi in ya hau bayan mota duba buhuna. Wani abokin cinikinsa ya tura masa saƙon rejim, ya shiga da ƙarfinsa. Da safe ƙwai uku, da rana balangu, da dare romo da kabeji. Wata na farko ya yi ta yabon abin: jiki ya yi sakayau, barcin rana ya ragu, gwiwa ta daina ƙara. Ya bar shayi da lemu gaba ɗaya, kuma ina ganin wannan ne babbar ribar da ya ci. Sai bazara ta shigo. A watan Afrilu da Mayu zafin Adar yana haura digiri 40, gumi ba ya tsayawa, shi kuma tsarin da yake bi yana ƙara fitar da ruwa da gishiri. Ya fara jiri in ya miƙe daga tabarma, jijiyar ƙafa tana ɗaure masa da dare, bayan gida ya yi tauri har basir ya motsa, baki yana wani wari da matarsa ta kasa yin shiru a kai. Yana kuma shan ƙwayar hawan jini mai sa fitsari, bai gaya wa kowa a likita cewa ya sauya ci ba.

Abin da ya fi damun gidan ma ba jirin ba ne. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekaru, ta ga an kai masa kwanon tuwo an dawo da shi yadda aka kai, kwana da kwanaki. Ta sa aka kira shi. “Alhaji, in wani abu aka gano maka a likita, ka faɗa mini tun ina da rai.” Ya ce, “Inna, lafiyata lau, rejim nake yi.” Ta ce, “Mai lafiya ba ya mayar da tuwo.” A garuruwanmu ramar babban mutum ba ta wucewa haka nan. Wasu su ce karayar arziki ce, wasu su ce sammu, wasu su yi raɗar ciwon da ba a son faɗa. Uwargida kuma ita ake zargi da rashin iya girki. Bayan wata huɗu ya koma cin tuwo, kuma da yake ya koma ne da yunwar wanda aka hana, kilon da suka tafi suka dawo kusan duka kafin kaka. Shayin ne kawai bai koma masa kamar da ba.

Labarinsa mai sauƙi ne in aka kwatanta da haɗarin da ke kan mai shan maganin sukari. Ƙwayar gilbenkilamid, wadda ta yaɗu saboda arha, da allurar insulin, suna sauke sukarin jini ko mutum ya ci ko bai ci ba. In ya bar tuwo da fura rana ɗaya ya ci gaba da shan adadin da aka rubuta masa lokacin da yake cin su, sukarin zai iya faɗuwa ƙasa warwas: rawar jiki, gumi mai sanyi, ruɗewa, suma. A birni a garzaya da shi asibiti. A ƙauyen da ke bayan kwazazzabai, da damina, hanya ta yanke, kafin a samo mota an makara. Wataƙila ma a ɗauka iska ce ta buge shi a tsaya tofi, alhali cokali biyu na sukari a ruwa ne zai farfaɗo da shi in yana iya haɗiya. Duk mai shan waɗannan magunguna da yake son rage sitaci, wajibi ne ya fara zuwa wurin majo, wato ma'aikacin jinya, ko lokotoro a daidaita masa magani tukuna. Wannan jimla ɗaya ba na jin ta a saƙonnin da ke yawo, kuma rashinta na iya cin rai.

Sai mata masu ciki da masu goyo. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar yara 7.6 a matsakaici, wato mafi yawan shekarun ƙuruciyarta tana tsakanin ciki da shayarwa. Lokacin da mace ta fi jin ta yi nauyi, wato bayan haihuwa, shi ne lokacin da jikinta ya fi buƙatar abinci. Al'ada ta san haka, shi ya sa ake dama wa mai jego kunu ana gasa mata nama. Nono yana jan sukari daga jinin uwa kullum. Likitoci sun rubuta labaran masu shayarwa da suka shiga kito mai tsanani har jininsu ya yi tsami aka kwantar da su rai a hannun Allah. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa. Wani bincike na jami'ar North Carolina a 2018 ya samu cewa matan da suka ƙuntata sitaci gab da ɗaukar ciki sun fi sauran haɗarin haihuwar jariri mai naƙasar laka ko ƙwaƙwalwa da kimanin kashi 30 cikin 100, kuma ana danganta hakan da ƙarancin sinadarin folik. A yankin da ƙarancin jini ya riga ya addabi mata, cire hatsi da wake daga kwanon mai ciki ganganci ne.

A nan ne nake ganin babban kuskuren ɗauko tsarin yadda yake a dasa shi a Adar. Kito na sosai yana son kada sitacin yini ya wuce giram 50. Giram 100 na gero yana da kusan 65 zuwa 70, ke nan curin fura guda ya gama da rabon yini. Wake ma, mai kusan giram 60 a cikin 100, haramtacce ne a wannan lissafi. Hatta albasar da muke taƙama da ita sai an ƙirga. To me ya rage? Nama, wanda a gidaje da yawa sai ranar kasuwa ko suna ko layya. Ƙwai, wanda ake tarawa a sayar ko a bar wa kaza. Kifi, in an samu daga Tabalak ko tafkunan kusa. Ganye ɗanye, wanda ke wadata da sanyi lokacin lambu ya ɓace da bazara. Alhaji mai mota zai iya, ko da na ɗan lokaci. Malamar makaranta mai jiran albashi in ta ce za ta bi, abin da za ta yi shi ne ta bar tuwon ba tare da ta sami abin da zai maye shi ba. A aikace yunwa take yi, ta sa mata sunan rejim. In kuma ta dage sai ta sayi naman, to daga kuɗin cefanen gida zai fito, kuma a gidan da ake ci kwano ɗaya, duk abin da aka ware wa babba daga bakin yaro aka cire shi.

Yaran nan kuwa ba su da rarar da za a taɓa. Fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar suna da tsumburewa. A yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Tawa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani, kuma ta daɗe tana wannan aiki a Madawa. A gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, za ka samu kaka mai ciwon sukari da jika mai tamowa. Masana sun nuna cewa yaron da ya tashi cikin ƙarancin abinci, in ya girma ya samu wadata, ya fi saurin kamuwa da ciwon sukari da hawan jini. Wataƙila wannan na cikin abin da ke faruwa da ƴan biɗan da suka sha fari na 1984 suna yara, yau kuma suke zaune a shago.

Gero a wurin Bature hatsi ne cikin hatsi, a wurinmu kuwa shi ne nama, shi ne magani. Giram 100 nasa yana da furotin kusan giram 11, ga sinadarin ƙarfe da zinki, ga dusa mai taimakon hanji in ba a surfe shi fiye da kima ba. Manomin da ya ci rabin kilo a yini ya samu furotin fiye da giram 50 daga gero kaɗai. Saboda wannan daraja ce cibiyar ICRISAT, mai tasha a Sadore kusa da Yamai, ta fitar da irin gero mai suna Chakti a 2018, wanda aka ƙara wa sinadarin ƙarfe, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Yana ba ni takaici in ga a daidai lokacin da duniya ke juyowa ga abin da ke cikin rumbunmu, mu kuma ana koya mana jin tsoronsa, a bar shinkafar kanti da sukari suna fakewa a bayansa.

Ba ina wanke tuwo daga komai ba ne. Malmala uku da dare, a jikin wanda ya yini a kan benci, sitaci ne mai yawa ko daga wane hatsi ya fito, kuma fura mai laushi da aka dama da sukari tana ɗaga sukarin jini da sauri. Mai ciwon sukari dole ya rage, ya kuma auna ya ga yadda jikinsa ke amsawa. Amma tsakanin ragewa da yankewa akwai tazara mai faɗi, kuma binciken da ya fi tsawo yana goyon bayan tsakiyar. A 2018 mujallar Lancet ta fannin lafiyar jama'a ta wallafa nazarin da ya bi mutum sama da 15,000 a Amurka na kimanin shekara 25. Mutuwa ta fi ƙaranci a tsakanin waɗanda sitaci ya ba su kashi 50 zuwa 55 cikin 100 na ƙarfin abincinsu, ta ƙaru a waɗanda suka yi ƙasa da 40, ta kuma ƙaru a waɗanda suka haura 70. Irin wannan nazari ba ya tabbatar da sababi kai tsaye, kuma a kan Amurkawa aka yi shi. Duk da haka akwai darasi biyu a ciki da suka shafe mu. Da yawa daga mutanen karkara suna can sama da 70, saboda babu abin haɗawa. Sannan waɗanda suka maye sitaci da nama da kitsen dabba sun fi mutuwa, waɗanda suka maye shi da kayan tsiro irin su wake da gyaɗa da ganye kuwa sun fi daɗewa. Ga mai hawan jini, kilishi da balangu da yaji mai dunƙule kullum ƙarin gishiri ne, alhali ƙa'idar yini ba ta wuce giram 5 ba, kuma kitsen jini na wasu yana tashi sosai a kan wannan ci ba tare da sun ji komai a jiki ba.

Kayan tsiron nan kuwa ba sai an yi odarsu daga waje ba. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dambun da ganye ya fi gari yawa, ɗanwake, miyar kuka da kuɓewa da yakuwa da tafasa, nono marar sukari, cukun Buzaye, kabeji da tumatir da karas na fadamun Ibohamane da kwarin Maggiya lokacin sanyi: duk wanda ya mayar da malmala biyu ɗaya, ya cika gurbin da waɗannan, ya sha shayinsa da ɗan sukari kaɗan ko babu, ya ajiye babur in tafiyar ba ta wuce masallaci ko kasuwa ba, ya rage sitacin da ya kamata ya rage, kuma bai fita daga kwanon gidansa ba. Kilo ba za su zube cikin mako guda yadda saƙon waya ya yi alkawari ba. Za su sauka a hankali, amma abin da mutum zai iya riƙewa shekara biyar ya fi masa amfani a kan abin da zai yi wata uku ya watsar.

Akwai wani haɗari na ƙarshe da yayin rejim ya haifar, wanda ma'aikatan lafiya na karkara ya kamata su sa wa ido. Da, in mutum ya rame ba dalili, gida kan tashi tsaye a kai shi a duba. Yanzu rama ta samu suna mai daɗi da za a fake da shi. Ciwon sukarin da ya yi nisa shi kansa yana ramar da mutum, tare da ƙishirwa da yawan fitsarin dare. Haka tarin fuka, haka cutar ƙanjamau, haka wasu cututtukan daji. Mutum zai iya fara rejim a daidai lokacin da ciwo ke cinsa, ya ga nauyi na zubewa ya yi ta godiya ga wanda ya turo masa saƙo. Wanda ya ga yana ci gaba da ramewa bayan ya koma cin abinci, ko ramar ta zo da tari na fiye da mako biyu, ko zazzaɓin dare, ko ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa, awo ne ya kamace shi. Awon sukari ɗigon jini ɗaya ne a yatsa, gwajin tarin fuka da maganinsa kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Majo a likitar gari, in majinyaci ya zo da jiri ko suma ko rama, ya dace ya ƙara tambaya ɗaya cikin waɗanda ya saba yi: ko ka bar cin tuwo, kuma tun yaushe?